Katunan Diana: Matar da Ta Fitar da 'Ya'yan Sabiyawa Daga Sansanonin Mutuwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen mutanen da suka ceci rayuka a Yaƙin Duniya na Biyu, sunan da ya fi saurin faɗo mana shi ne na Oskar Schindler, Bajamushen nan mai masana'anta da ya kuɓutar da Yahudawa kimanin 1,200, wanda aka yi fim a kansa a 1993 duniya ta kalla. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa jin sunan Diana Budisavljević. Matar aure ce haifaffiyar ƙasar Ostiriya, mazauniyar birnin Zagreb, ba ta riƙe da wani muƙami, ba ta kuma cikin wata jam'iyya. Shekarunta 50 lokacin da ta soma wannan aiki a cikin gidanta, amma kafin yaƙin ya ƙare aikin ya yi sanadin ceto yara kimanin 10,000, galibinsu 'ya'yan Sabiyawa, daga sansanonin gwale-gwale na gwamnatin Ustasha a Kuroshiya.

Yawan yaran kaɗai ya isa a tuna da ita. Amma abin da ya fi jan hankalinmu a tarihinta shi ne wani aiki da ba shi da armashi a ido: ita da abokan aikinta sun zauna sun rubuta bayanan yara kimanin 12,000 a kan kati, kowane yaro da nasa, domin ranar da yaƙi zai ƙare uwa ta iya gano inda ɗanta yake. Labarin waɗannan katuna, yadda aka tara su da yadda aka raba ta da su, shi ne labarin rayuwarta.

Daga Innsbruck zuwa Zagreb

An haife ta a ranar 15 ga Janairu, 1891, a birnin Innsbruck da ke cikin tsaunukan Ostiriya, sunanta na gida Diana Obexer. A lokacin Ostiriya da Hangari daula ɗaya ce, kuma Kuroshiya da Bosniya duk suna ƙarƙashinta. A Innsbruck ta haɗu da wani likitan tiyata mai suna Julije Budisavljević, ɗan ƙabilar Sabiyawan Kuroshiya, wanda ke aiki a asibitin tiyata na garin. Suka yi aure a 1917. Bayan da daular ta wargaje a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, sai suka koma Zagreb a 1919, inda mijin ya zama farfesan tiyata a makarantar koyon aikin likita ta jami'ar birnin. Suka haifi 'ya'ya mata biyu. Shekara 20 da 'yan kai ta yi tana zaman rufin asiri irin na matar babban likita, ba abin da ya haɗa ta da siyasa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu fahimci su wane ne mutanen da ake magana a kansu. Sabiyawa da Kuroshiyawa harshensu kusan ɗaya ne, suna jin juna ba tare da tafinta ba. Babban abin da ya raba su shi ne ɗarika da tarihi: Kuroshiyawa mabiya ɗarikar Katolika ne, Sabiyawa kuwa mabiya ɗarikar Otodoks. Kuma Sabiyawa ba a ƙasar Sabiya kaɗai suke ba. Tun ɗaruruwan shekaru akwai garuruwa da ƙauyukansu a cikin Kuroshiya da Bosniya, suna noma da kiwo kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtansu Katolika da Musulmi.

Ƙasar da aka kafa a 1941

A ranar 6 ga Afrilu, 1941, Jamus da ƙawayenta suka auka wa Yugoslabiya. Kwana huɗu bayan haka, a ranar 10 ga wata, aka yi shelar kafa wata ƙasa da aka raɗa wa suna 'Yantacciyar Ƙasar Kuroshiya, wadda ta haɗa mafi yawan Kuroshiya ta yau da dukkan Bosniya da wani yanki na Sabiya. 'Yancin na baka ne kawai, don sojojin Jamus da na Italiya ne suka raba ƙasar a tsakaninsu. Aka miƙa mulki ga ƙungiyar Ustasha ta masu tsananin kishin ƙabila, ƙarƙashin Ante Pavelić, wanda ya daɗe yana gudun hijira a Italiya.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen wannan sabuwar ƙasa Sabiyawa ne, kuma gwamnatin Ustasha ta ɗaura aniyar kawar da su. Tun a watan Afrilun aka hana amfani da haruffan Sirilik da Sabiyawa ke rubutu da su, aka kuma kafa dokokin wariya a kan Yahudawa da al'ummar Roma. Wasu Sabiyawan aka kore su zuwa Sabiya, wasu aka tilasta musu komawa ɗarikar Katolika, wasu aka kashe su a ƙauyukansu. A garin Glina har cikin cocinsu aka yi wa mutane yankan rago a 1941. A watan Agusta na wannan shekara aka buɗe sansanin Jasenovac a bakin kogin Sava, wanda ya zama mafi girma a cikin sansanonin. Gidan tarihin da ke wurin a yau ya tattara sunayen mutum fiye da 83,000 da suka mutu a can, fiye da rabinsu Sabiyawa, kuma fiye da 20,000 daga cikinsu yara ne. Gidan tarihin kisan ƙare dangi da ke birnin Washington na Amurka ya ƙiyasta cewa Sabiyawa tsakanin 320,000 da 340,000 ne aka kashe a ƙarƙashin mulkin Ustasha.

Diana tana zaune a tsakiyar babban birnin wannan gwamnati, kuma mijinta yana cikin ƙabilar da ake farauta. Abin da hankali zai ba mutum a irin wannan hali shi ne ya ja bakinsa ya yi shiru, ya rufe ƙofarsa.

Ƙunshin farko

A watan Oktoba na 1941 labari ya iso mata cewa akwai mata da yara da ke tsare a wani sansani mai suna Loborgrad, a arewacin Zagreb. Yawancinsu Yahudawa ne, amma akwai Sabiyawa a ciki. Ƙungiyar al'ummar Yahudawan Zagreb, duk da irin ƙuncin da take ciki, an bar ta tana aika wa nata mutanen abinci da tufafi. Matan Sabiyawa kuwa ba su da mai tuna su, domin an rufe cocinsu, an kashe wasu limamansu, an kori wasu, ba wata ƙungiya da ta rage da za ta yi magana da yawunsu.

Diana ta nemi wanda ke kula da waɗannan mata ta rasa, sai ta fara da kanta. Kundin da take rubuta abubuwan da ke faruwa ya soma ne daga ranar 23 ga Oktoba, 1941. Tare da wasu mutum biyu, Marko Vidaković mai zanen gine-gine da injiniya Đuro Vukosavljević, ta shiga tara kuɗi da abinci da magunguna da tufafin sanyi daga hannun waɗanda suka yarda su bayar a ɓoye. Gidanta ya koma ɗakin ajiya da wurin ɗinki. Ƙungiyar Yahudawan ce ta taimaka musu da hanyar shigar da kayan Loborgrad, daga baya kuma zuwa wani sansanin a Gornja Rijeka. Masu bayar da gudummawa da yawa suna tsoron a ga sunansu a takarda, don haka aikin ya ɗauki sunanta ita kaɗai, aka riƙa kiransa Aikin Diana Budisavljević. Ma'anar wannan a fili take: idan abu ya ɓaci, ita za a fara nema.

Ba a daɗe ba kuwa 'yan sandan Ustasha suka zo suka binciki gidan a farkon 1942. Maimakon ta janye, sai ta je ta nemi izini a rubuce, ta kuma samu. Daga nan muke ganin salon da ta bi har ƙarshen yaƙin. Ba ta aiki a ɓoye irin na 'yan gwagwarmaya. Ofis-ofis take bi, ta nemi takarda mai hatimi, ta riƙe ta a hannu, ta matsa har sai an cika abin da takardar ta ce. Jamusanci harshen uwarta ne, kuma manyan jami'an Jamus da yawa a Zagreb 'yan Ostiriya ne kamarta, har da Janar Edmund Glaise von Horstenau, wakilin rundunar Jamus a ƙasar, wanda shi kansa ya sha kai ƙarar ta'asar Ustasha ga shugabanninsa. Ta yi amfani da wannan dama iyakar iyawarta.

A babbar tashar jirgin ƙasa ta Zagreb, jiragen da ke ɗauke da mutanen da ake kaiwa aikin tilas a Jamus sukan tsaya. Mutanen Diana sukan je tare da ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Red Cross su miƙa musu guzuri. A nan ne a watan Maris na 1942 ta haɗu da wata babbar ma'aikaciyar jinya mai suna Dragica Habazin, wadda ta zama ta hannun damanta. A nan ne kuma labarin yaran da ake bari a baya cikin sansanoni ya riƙa fitowa daga bakin iyayen da ke cikin taragu.

Bayan yaƙin Kozara

Kozara wani tsauni ne mai dazuzzuka a arewa maso yammacin Bosniya, ƙauyukan da ke kewaye da shi galibi na Sabiyawa ne. 'Yan sari-ka-noƙe na Josip Broz Tito, waɗanda 'yan gurguzu ke jagoranta, sun yi ƙarfi a yankin. A watan Yuni na 1942 sojojin Jamus da na gwamnatin Ustasha suka yi wa tsaunin ƙawanya. Da aka gama faɗa a watan Yuli, sai aka kwashe mutanen ƙauyukan gaba ɗaya, kimanin mutum 68,000, aka kora su sansanoni. Maza da yawa aka kashe su. Mata masu ƙarfi a jika aka ware su don aikin tilas a Jamus. Masana'antun Jamus ba sa bukatar jarirai da ƙananan yara, saboda haka aka riƙa ƙwace su daga hannun iyayensu ana zubewa a sansanin Stara Gradiška, wani tsohon kurkuku a bakin Sava, da ƙauyukan Mlaka da Jablanac da ke kusa da Jasenovac. Ga zafin bazara, ga yunwa, ga atini da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Kullum yara mutuwa suke yi.

Diana ta buga ƙofofi da dama. Ta je wurin babban limamin Katolika na Zagreb, Alojzije Stepinac, wanda da farko bai ba ta wata amsa mai ƙarfafa gwiwa ba. A ƙarshe wani hafsan sojan Jamus mai suna Gustav von Koczian ne ya taimaka aka samu izini a rubuce, a farkon Yuli na 1942, na fitar da yara daga Stara Gradiška. A cikin ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a ta gwamnatin kanta akwai wani jami'i, Farfesa Kamilo Bresler, wanda ya ɗauki nauyin nemo wuraren da za a sauke yaran.

A ranar 10 ga Yuli, 1942, Diana ta shiga Stara Gradiška sanye da kayan ma'aikatan jinya na Red Cross. A ɓangaren da ake kira asibitin yara ta tarar da su kwance a ƙasa, fata da ƙashi, wasu ba sa ko iya kora ƙudan da ke kansu. Wasu sun cika ana tsakiyar rubuta sunayensu, wasu a cikin jirgi kafin a isa Zagreb. Daga nan aka wuce Mlaka da Jablanac. A cikin watannin Yuli da Agusta kaɗai an fitar da yara fiye da 6,000.

A Mlaka ne aikin ya fi ɗaci, domin a can yara da yawa suna tare da iyayensu mata. Izinin da aka bayar na yara ne kawai, bai shafi uwa ba. Ke nan sai an roƙi uwa ta miƙa ɗanta da hannunta ga wasu baƙin mata da ba ta taɓa gani ba, su tafi da shi wani gari da ba ta sani ba. Gaba kura baya sayaki: idan ta riƙe shi, yunwa ko cuta za ta kashe shi a gabanta, ko a ƙwace shi ranar da za a tura ta Jamus, idan ta bayar, ba ta da tabbacin za ta sake ganinsa. Abin da Diana da abokan aikinta suke da shi na lallashi guda ɗaya ne. Za a rubuta sunan yaron da na iyayensa da ƙauyensu, za a bi sawun duk inda aka kai shi, kuma duk ranar da uwar ta dawo za ta same shi. A kan wannan alkawari mata suka saki 'ya'yansu.

Inda aka kai yaran

Ba za mu yi wa tarihi adalci ba idan muka ce fita daga sansanin ita ce ƙarshen wahala. A Zagreb, bayan an yi wa yaran wanka da feshin magani a kusa da tasha, an rarraba su a asibitoci da makarantar kurame da gidan marayu na Josipovac da wasu ɗakunan taro. Wuraren suka cika. Sauran aka kai su Jastrebarsko da Sisak da Gornja Rijeka, wuraren da ke ƙarƙashin ikon gwamnati, ba a hannun Diana ba. Yara 3,336 ne suka bi ta Jastrebarsko, ɗaruruwa suka mutu a can, kuma a ranar 26 ga Agusta, 1942, dakarun Tito suka kai farmaki suka tafi da kimanin 700. A Sisak, daga cikin yara 6,693 da aka kai, fiye da 1,100 sun mutu. A Gornja Rijeka an sanya wa yara maza kakin Ustasha da nufin a raine su a kan aƙidar waɗanda suka kashe iyayensu, sai annoba ta ɓarke a cikinsu. Har yau ana jayayya a Kuroshiya kan sunan da ya dace da waɗannan wurare, wasu na cewa gidajen karɓar yara ne, masana tarihi da yawa da waɗanda suka rayu a ciki kuwa na kiransu sansanonin yara.

Diana ta ga cewa tara yara marasa lafiya wuri ɗaya kashe su yake yi. Mafita ita ce a shigar da su gidajen mutane. A watan Agusta na 1942 aka samu izinin yin haka, kuma a wannan karon ƙungiyar agaji ta Caritas, ta cocin Katolika na Zagreb, ta shigo da ƙarfinta. Dubban yara aka rarraba wa iyalai a cikin birnin da ƙauyuka. Yawancin waɗannan iyalai Kuroshiyawa ne mabiya Katolika, wato ƙabila ɗaya da ɗarika ɗaya da masu gadin sansanonin. Sun ɗauki 'ya'yan mutanen da gwamnatinsu ta kira abokan gaba, a lokacin da abinci ke wuya, suka haɗa da nasu suka riƙe. Mu da muke cewa ɗa na kowa ne, a nan muke ganin waɗanda suka aikata maganar a lokacin da aikata ta ke iya jawo wa mutum ɗauri.

Akwai tambayar da ba za mu kauce mata ba. Duk abin da Diana ta yi, da takardun masu kisan ta yi shi. Izinin hafsan Jamus ne ya buɗe mata ƙofa, ma'aikatar gwamnatin Ustasha ce ta ba da wuraren saukar yara, kuma kwashe yaran ya sauƙaƙa wa masu tura iyayen aikin tilas. Wasu daga cikin yaran da aka karɓa daga hannun iyayensu sun mutu a Sisak da Jastrebarsko. Wannan nauyi ne da ta ɗauka da saninta. Abin da za mu iya faɗa shi ne, yaran da aka bari a Stara Gradiška da Jasenovac ƙalilan ne suka ga ƙarshen yaƙi, waɗanda aka fitar kuwa mafi yawansu sun rayu.

Katunan

Daga ƙarshen 1942 jigilar yara ta ragu, sai aikin ya koma kan tebur. Aka tattaro jerin sunayen da aka rubuta a sansanoni da cikin jirage, da rajistar asibitoci, da ta gidajen marayu, da ta Caritas, aka shiga kwafe su a kan kati. Wata mata mai suna Ivanka Džakula tana cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyin wannan aiki. Kowane kati yana ɗauke da abin da aka sani game da yaro ɗaya: sunansa, shekarunsa, inda aka ɗauko shi, da inda yake yanzu. Idan an sauya masa gida sai a gyara. Idan ya mutu sai a rubuta.

Matsalar ita ce ƙananan. Yaro ɗan shekara biyu bai san sunan mahaifinsa ba, balle sunan ƙauyensu. Jariri kuwa ba shi da bakin faɗar komai. Idan lambar da aka rataya masa ta ɓace a hanya, shi ke nan asalinsa ya yanke. Saboda irin waɗannan aka riƙa ɗaukar hotuna ana liƙawa a cikin kundaye, da fatan wata rana wani zai gane fuskar. Mu da ake tara jama'a ranar bakwai domin a raɗa wa jariri suna, mun san abin da ake nufi da a ce mutum ya tashi bai san sunan da iyayensa suka ba shi ba.

Katunan sun fara amfani tun ana cikin yaƙi. Matan da ke aikin tilas a Jamus sukan rubuto wasiƙa Zagreb suna tambayar 'ya'yansu, a duba kati a ba su amsa. Wata amsar ta farin ciki ce, wata ta ta'aziyya. Waɗanda suka samu dawowa sukan zo har gida. Kafin ƙarshen yaƙin katunan sun kai na yara kimanin 12,000. Duk wannan lokaci lafiyar Diana tana raguwa, don shiga sansanonin da ɗawainiyar shekarun sun taɓa jikinta ƙwarai.

Ranar 28 ga Mayu, 1945

Dakarun Tito sun shiga Zagreb a ranar 8 ga Mayu, 1945, gwamnatin Ustasha ta rushe, Pavelić ya tsere. Wannan ne lokacin da aka yi katunan dominsa, don iyaye sun fara dawowa daga Jamus da sansanoni da dazuzzuka, kowa yana neman nasa. Kwana 20 bayan shigar dakarun, a ranar 28 ga Mayu, sabuwar hukuma ta aiko da takarda daga ma'aikatar jin daɗin jama'a cewa a miƙa katunan. Aka kwashe su, aka haɗa da kundayen hotunan. Ba a sake mayar mata da su ba, ba a kuma gayyace ta ta ci gaba da aikin ba. Iyaye suka ci gaba da zuwa ƙofarta, ita kuwa ba ta da abin dubawa. Matar da ta fi kowa sanin yadda aka tsara bayanan, wadda ta yi wa uwaye alkawari baki da baki a Mlaka, aka mayar da ita 'yar kallo. Yara da dama sun koma ga danginsu ta wasu hanyoyi, amma akwai waɗanda suka girma har suka tsufa ba su san ranar haihuwarsu ko sunan mahaifiyarsu ba.

Me ya sa aka yi mata haka? Sabuwar gwamnatin gurguzu tana da labarin da take so a riƙa bayarwa game da yaƙin, wato jam'iyya ce ta ceci jama'a. A littattafan wancan zamani, ceton yaran Kozara aikin 'yan jam'iyya ne da ƙungiyar matanta. Gaskiya ne akwai 'yan gurguzu da magoya bayansu da suka yi aiki tuƙuru wajen kula da yaran, amma wadda ta kafa aikin sai aka share sunanta. Ba ta dace da labarin ba: matar babban likita ce mai abin hannu, harshenta Jamusanci a lokacin da ake korar masu jin Jamusanci daga ƙasar, ta yi hulɗa da hafsoshin Jamus, ta kuma yi aiki da cocin Katolika wanda gwamnati ke takun-saƙa da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Diana ba ta yi jayayya ba. Ta koma cikin gidanta, ta daina zancen. A 1972 ita da mijinta suka koma Innsbruck, inda ta rasu a ranar 20 ga Agusta, 1978, tana da shekara 87. Dubban mutanen da ke raye a Yugoslabiya ta dalilinta ba su san sunanta ba, balle su ji labarin rasuwarta.

Kundin da ya yi magana

Abin da hukuma ba ta ƙwace ba shi ne kundinta, wanda ta rubuta da Jamusanci. Jikarta Silvija Szabo ce ta same shi a cikin kayan gida, ta fassara shi zuwa harshen Kuroshiya, hukumar adana takardun tarihi ta ƙasar ta buga shi a 2003, shekara 25 bayan rasuwar mai shi. Rubutu ne na mai lissafi: wa ta gani yau, me aka ce mata, yara nawa aka ɗauko, wa ya taimaka, wa ya ƙi. Masana tarihi suka gwada shi da sauran takardun zamanin suka ga ya tsaya da ƙafarsa.

Daga nan karramawa ta biyo baya. A 2012 gwamnatin Sabiya ta ba ta lambar zinariya ta jarumta mai sunan Miloš Obilić, cocin Otodoks na Sabiya ma ya karrama ta a shekarar da ta biyo. An sanya sunanta a tituna da wuraren shaƙatawa a Belgrade da Zagreb da Sisak da Biyana. A 2019 wata mai shirya fim 'yar Kuroshiya, Dana Budisavljević, ta fitar da fim a kan kundin, inda ta haɗa 'yan wasa da tsofaffin da suka rayu a sansanonin suna yara, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Pula. A 2020 masaniyar tarihi Nataša Mataušić ta wallafa littafi a kan rayuwarta.

Ko a yanzu labarinta ba ya yi wa kowa daɗi. Tun bayan yaƙe-yaƙen da suka wargaza Yugoslabiya a shekarun 1990, adadin waɗanda suka mutu a Jasenovac ya zama makamin siyasa, wasu a Kuroshiya suna rage shi, wasu a Sabiya suna kumbura shi. Kundin Diana ya tsaya wa ɓangarorin biyu a wuya. Mai son ya ce ba a yi kisan ba zai ci karo da abin da ta gani da idonta a Stara Gradiška. Mai son ya ce duk Kuroshiyawa makasa ne zai ci karo da Bresler da Habazin da dubban iyalan da suka buɗe ƙofofinsu.

Mu masu karanta wannan tarihi daga nesa, abin da ya rage mana shi ne mu lura da inda ta sa ƙarfinta. Fitar da yaran daga sansanoni ya ɗauki 'yan watanni, rubuta sunayensu da bin sawunsu kuwa ya ɗauki kusan shekara uku, domin a wurinta ceton yaro bai cika ba sai ya koma hannun wadda ta miƙa shi. A duk inda yaƙi ya raba iyaye da 'ya'ya a yau, masu aikin agaji suna yin irin wannan rajista, da kwamfuta da hotunan waya maimakon kati da alƙalami. Tambayar da ta tsaya a gaban Diana a watan Mayun 1945 tana nan a gabansu: idan hayaniya ta kwanta, a hannun wa rajistar za ta kasance, kuma shin uwar da ta dawo za a bar ta ta duba?